Ranar da Zazzaɓin Hajiya Daso Ya Sauka

Shekara goma sha ɗaya Zubaidatu ta yi tana aikin jinya a ɗakin gaggawa na wani babban asibiti a Kano, kafin ta biyo mijinta Kuala Lumpur, babban birnin Malesiya. Shi yana koyarwa a jami'a, ita kuma ta shiga karatun digiri na biyu a fannin jinya. Kwana uku a mako tana zuwa asibitin koyarwa ta tsaya bayan nas-nas ɗin ƙasar, tana kallo tana rubutu, don ba ta da lasisin taɓa marar lafiya a nan. Amma a dogon benen da suke haya a unguwar Taman Melati babu wanda ya damu da zancen lasisi. Gidan Hausawa bakwai ne a ginin, kuma duk wadda ɗanta ya kwana da tari, ƙofar Zubaidatu take fara bugawa.

A hawa na tara Raudatu take, matar Malam Halliru mai karatun digiri na uku. Da cikinta ya tsufa, mahaifiyarta Hajiya Daso ta taso daga Kano don ta kula da ita a jego. Hajiya mace ce mai jiki, mai son hira, tana fama da hawan jini da ciwon suga, magungunanta kuwa suna cikin wani gwangwanin alewa da ba ta rabuwa da shi. Mako tara ta yi a garin. An haihu lafiya, an yi suna, an yi arba'in, aka tsayar da ranar Laraba da yamma za ta hau jirgi, domin ranar Asabar wata jikarta za ta yi saukar Alƙur'ani, kuma ta yi wa yarinyar alkawari da ita za a yi.

Ranar Juma'a zazzaɓi ya kama ta. Zubaidatu ta hau ta duba ta ranar Asabar, ta tarar da jikinta kamar garwashi, tana cewa kanta zai tsage, har cikin idanunta take jin ciwon, gaɓoɓinta duk sun ɗaure. Hajiya ta ce maleriya ce, sun san juna fiye da shekara sittin, kuma ta zo da maganinta daga gida, har ta fara sha. Zubaidatu ta ce da za a je kilinik ɗin ƙasan bene a ɗibi jini da ya fi. Hajiya ta yi dariya ta ce ba ta ga dalilin huda mata hannu a kan ciwon da ta sani ba. Zubaidatu ba ta matsa ba, domin ita ma a ranta maleriyar ta gani. Ta ga dubunta a Kano, haka take zuwa. Ta ce a riƙa ba ta farasitamol da ruwa da yawa, ta sauka ta koma kan littattafanta, don tana da jarrabawa ranar Litinin.

Da safiyar Talata Raudatu ta kira ta cikin murna. Ta ce zazzaɓi ya sauka tun daren jiya, Mama ta yi gumi ta miƙe, kuma ta kafe sai an kai ta Jalan Tuanku Abdul Rahman, titin kantunan yadi, ta sayo tsaraba, tunda gobe tafiya. Ta roƙi Zubaidatu ta raka su, don ita ta san kantunan, kuma ita ke iya ciniki da harshen Malay. Zubaidatu ta gama jarrabawa, tana son shan iska, ta amsa.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya suka hau LRT, jirgin ƙasa na cikin gari. Raudatu ta goya jaririnta da zani, matan cikin jirgi suna satar kallon goyon suna murmushi. An ba Hajiya kujera ta zauna. A da, in ta shiga jirgin nan bakinta ba ya hutawa, sai ta yi sharhi a kan dogayen gine-gine da 'yan matan da ke barci a tsaye. Ranar kuwa ta jingina kai da gilashi ta yi shiru. Zubaidatu ta lura, ta ce a ranta wanda ya kwana huɗu yana zazzaɓi dole ya yi laushi. Da suka zo sauka a tashar Masjid Jamek ta miƙa mata hannu, ta ji tafin Hajiya da sanyi da ɗan danshi. Sanyin cikin jirgi yana da ƙarfi, sai ta ɗora laifin a kansa.

Suka taka a hankali cikin rana har kantin wani Ba'indiye Musulmi mai suna Tajuddeen, wanda ke sayar da hijabai da yadi. Ya san Zubaidatu, ya fito musu da kujeru, ya shiga sauko da kaya. Hajiya ta zauna, ta nuna wannan ta nuna wancan, ba ta ko taɓa yadin ta ji laushinsa ba. Ta nemi ruwa ta shanye gora guda, ta nemi wata. Ba a jima ba ta yafito Raudatu ta ba ta leda, ta juya baya ta amayar da ruwan. Ta goge baki ta ce maganin maleriyar nan ne, kullum haka yake jagula mata ciki. Zubaidatu ta ga hannunta na dama yana danne a ƙarƙashin haƙarƙarinta, kuma ba ta ɗauke shi ba ko da ta koma zaɓen kaya.

Ana cikin haka aka kira azahar. Tajuddeen ya nuna musu ɗakin salla a saman kantin, ya ce akwai bayan gida da famfon alwala. Raudatu ta ce, "Mama, mu hau ki kama ruwa ki yi alwala."

"Ku je ku yi," in ji Hajiya. "Ni alwalata ta asuba tana nan."

Zubaidatu tana ninke wani hijabi, sai hannunta ya tsaya. Ta san Hajiya. Mai ciwon suga ce, in sun fita tare ba a awa biyu ba ta nemi bayan gida ba, har Raudatu kan yi mata tsiya a kai. Yau tun kafin ƙarfe shida na safe, ga shi ɗaya ta wuce, ta sha shayi, ta sha ruwa gora biyu a gabanta, kuma ba ta yi fitsari ko sau ɗaya ba.

Ta ajiye hijabin ta matso da kujerarta. Ta kama hannun Hajiya kamar mai wasa, ta ji har yanzu sanyi ƙalau, alhali sun fi awa guda da barin jirgi, kuma kantin babu abin da ke sanyaya shi sai fanka. Ta danna farcen babban yatsanta har ya yi fari ta saki, tana ƙirgawa a zuci. Sai da ta kai huɗu kafin jan ya dawo. Ta ɗora yatsu a wuyan hannun tana duban agogonta. Bugun yana sauri, kuma siriri, sai ta nema take jin sa.

Nan ta fara warware abin da ta ɗaure wa kanta ranar Asabar. Ta ce maleriya ce don a Kano zazzaɓi maleriya ne har sai an ga akasin haka. Amma Hajiya mako tara ke nan rabonta da sauron Kano, kuma ta sha maganin kwana uku cif. Wanda maleriya ta saki yakan ji yunwa, yakan yi fara'a, hannunsa da ɗumi. Wannan zazzaɓi ya tafi, ita kuma ta ƙara lalacewa. A asibitin koyarwa akwai ɗaki guda na masu dengi, zazzaɓin da sauron ƙasar nan ke kawowa, kuma ta tsaya a ɗakin nan ta ga yadda nas-nas ɗin suke ƙara sa ido a kan mutum daidai ranar da jikinsa ya huce. A ranar ne ruwan da ke cikin jini yake fara tsiyaya daga jijiyoyi zuwa cikin ciki da ƙirji, jinin ya yi kauri, ƙoda ta rasa abin tacewa. Ta ƙirga da yatsu: Juma'a, Asabar, Lahadi, Litinin, Talata. Kwana na biyar.

Ta roƙi Hajiya ta buɗe baki ta gani, ta ga dasashinta da ɗan jini a gindin haƙora. Hajiya ta ce asuwaki ne ya ƙuje ta da safe. Ta tambayi Raudatu ko ban da farasitamol akwai abin da ake ba ta. Raudatu ta ce babu, amma Hajiya da kanta ta buɗe gwangwanin alewar ta fito da wani kati, ta ce wannan take sha sau biyu ko uku a rana saboda ciwon gaɓoɓi, don farasitamol ba ya yi mata komai. Maganin ciwon jiki ne mai ƙarfi, irin wanda ke cin bangon ciki, yana kuma hana jini saurin tsayawa. Zubaidatu ta karɓi katin ta sa a jakarta.

Akwai kantin magani ƙofa uku daga wurin, suna da na'urar awon jini. Ta ce su leƙa a auna Hajiya kafin salla, minti biyu ne. Hajiya ta miƙe, sai ta dafa kafaɗar Raudatu ta ce jiri ya ɗan ɗebe ta. Aka ɗaura mata na'urar, ta nuna ɗari da sha huɗu bisa casa'in da shida, bugun zuciya ɗari da takwas. Raudatu ta yi murmushi ta ce ai ko a gida jinin Mama bai taɓa yin kyau haka ba, kullum ɗari da hamsin ne ko fiye.

"Shi ya sa bai yi mini kyau ba," in ji Zubaidatu. "Ga wani, wannan lafiya ce. Ga Hajiya, jininta ya faɗi da kusan arba'in. Kuma dubi lambobin nan biyu, na sama da na ƙasa. Ya kamata a ce akwai tazarar arba'in ko hamsin a tsakaninsu. Yanzu sha takwas ce. Jikinta ne yake matse jijiyoyi don ya riƙe abin da ya rage."

Ta durƙusa a gaban Hajiya ta yi mata bayani a hankali, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce tana zaton ba maleriya ba ce, dengi ne, kuma saukar zazzaɓin nan ba sauƙi ba ne, shi ne farkon kwana biyu mafi haɗari. Ta ce daga nan asibiti za su wuce, ba gida ba.

Hajiya ta ce ita fa ta warke, gajiya ce kawai. Ta ce a bar ta ta isa Kano, in ya so ta ga likitanta da ya san jikinta. Ta ce yarinya tana can tana jiranta, an ɗinka anko, an gaya wa mutane.

"Hajiya, daga nan zuwa Kano kusan awa ashirin ne da sauyin jirgi," in ji Zubaidatu. "Abin da kike buƙata ƙarin ruwa ne ta jijiya, da awo, ana dubawa kowace awa. A sama babu mai yi miki wannan. In na yi kuskure, kin rasa yammacin yau kawai, gobe ni zan ɗaukar miki akwati har filin jirgi. In ban yi kuskure ba kuma kika hau jirgin nan, ba na jin za ki sauka da ƙafarki."

Hajiya ta dube ta. Sannan ta ce, "Ke 'yar nan, ranar Asabar ba haka kika ce ba."

"Ranar Asabar ban yi tunani da kyau ba. Ya kamata in kafe a ɗibi jinin. Yau na yi."

Raudatu idanunta sun cika da ƙwalla, ta kira mijinta ta miƙa wa Zubaidatu wayar. Malam Halliru yana ɗakin karatu a jami'a. Ya saurara, ya ce shi da safe ya ga Hajiya garau, har ta sha shayi tana ba shi labari, kuma sauya ranar jirgi ba ƙaramin aiki ba ne. Ya tambaya ko ba za a koma gida ta huta ba, da yamma shi da kansa ya kai ta kilinik. Daga ƙarshe ya ce, "Anti Zubaidatu, kin tabbata dengi ne?"

Ta ce masa sunan ciwon sai gwaji ya faɗa, kuma za ta sa a duba maleriyar ma. Abin da ta tabbata da shi shi ne mace mai suga ta yi awa bakwai ba fitsari, hannunta sanyi, cikinta yana ciwo, tana amai, dasashinta yana jini, kuma ko mene ne sunansa ba ya jiran yamma. Ta ce kilinik ma in sun gan ta asibiti za su tura ta, an ɓata awa uku ke nan. Ya ce su je, zai same su a can.

Tajuddeen ya ce su bar kayan, zai ajiye musu, ya fita bakin titi ya tare musu tasi. A cikin mota Zubaidatu ta sa Hajiya ta kwanta a kujerar baya, kanta a cinyar Raudatu, ta riƙa ba ta ruwan gishiri da suga da ta saya a kantin maganin, kurɓi ɗaya bayan ɗaya don kada ta amayar. Ta yage takarda daga littafinta ta rubuta ranar da zazzaɓi ya fara, da ranar da ya sauka, da awon da suka yi da lokacinsa, da sunan kowane magani da ke cikin gwangwani.

Ɗakin gaggawa na asibitin gwamnati cike yake da mutane. A teburin tantancewa wata matashiyar nas ta ɗora wa Hajiya ma'aunin zafi a goshi, ta ga babu zazzaɓi, ta ga tsohuwa tana tsaye da ƙafarta tana magana, ta kai hannu ga katin masu jira. Zubaidatu ta san wannan tebur, ta zauna a irinsa shekaru, ta san mai shi ba ta da lokacin dogon labari. Ta ce mata da Turanci: kwana na biyar na zazzaɓi, ya sauka jiya, ba fitsari tun asuba, tazarar awon jini sha takwas, mai suga ce mai hawan jini, kuma tana shan maganin da ke sa zubar jini. Ta ajiye takardar da katin maganin a kan tebur.

Wata babbar nas da ke wucewa da tire ta ji, ta tsaya. Sunanta Hasna, a rubuce a ƙirjinta, 'yar Malay ce gajera mai tabarau. Ta kama yatsan Hajiya ta danna farcen, ta shafa ƙafarta ta ji sanyin, ta ce a kawo gadon turawa. Cikin minti goma an sa mata allurar ƙarin ruwa, an ɗibi jini, likita ya zo. Hasna ta ɗauki takardar ta karanta, ta dubi Zubaidatu ta saman tabarau ta tambaye ta ko ita nas ce. Ta ce e, a Najeriya. Hasna ta ce, "Na gani," ta maƙala takardar a fayil ɗin.

Kafin la'asar sakamako ya fito. Dengi ne, maleriya babu. Jinin ya yi kauri sosai, ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini sun ragu ƙwarai, ƙodar ma ta fara nuna alamar wahala. Likitan ya gaya wa Malam Halliru, wanda ya iso yana haki da jakar kwamfutarsa a kafaɗa, cewa sun zo a kan lokaci, amma kwana biyu masu zuwa sai an sa ido sosai. Malam Halliru ya tsaya daga bakin labule, don bai saba shiga inda surukarsa take kwance ba, ya yi mata sannu daga nan. Sannan ya juyo ya ce wa Zubaidatu Allah ya saka da alheri, ya fita ya fara kiran kamfanin jirgi.

Ba a barin jariri a ɗakin, don haka Raudatu ta koma gida, Zubaidatu ta zama mai zama da Hajiya da rana kuma tafinta. Washegari, wato Larabar da za a yi tafiya, ta iso da safe ta tarar an mayar da Hajiya ɗakin masu dengi, kuma Hasna ce ke kula da ɗakin a wannan makon. Hannun Hajiya ya yi ɗumi, fitsari ya dawo, ana tara shi a wani mazubi mai ma'auni ana rubutawa. Hajiya ta ce ita tunda take ba ta taɓa ganin inda ake murna da fitsarin mutum ba sai a ƙasar nan.

Amma da Zubaidatu ta leƙa takardar gwajin safe, sai da ta karanta ta sau biyu. Ƙwayoyin tsayar da jinin sun sake faɗuwa, sun kai inda a asibitinsu na Kano da tuni an aika 'yan uwa neman masu ba da jini. Kuma ta ga an rage gudun ƙarin ruwan, ɗigo yana sauka a hankali. Ta je ta sami Hasna a teburinta ta tambaye ta, da ladabi, ko ba za a ƙara mata jini ba, kuma me ya sa aka rage ruwan alhali jiya shi ya cece ta.

Hasna ba ta ji haushi ba. Ta taso ta ja ta zuwa gadon. Ta nuna mata dasashin Hajiya ya bushe, bayan gidanta ba baƙi ba ne, bugun zuciya ya sauko, tazarar awon jini ta koma talatin da biyar. Ta ce ba sa ƙara jini don lamba ta faɗi, sai in mutum yana zubar da shi, domin lambar za ta tashi da kanta nan da kwana biyu. Game da ruwa kuma ta ce duk wanda ya tsiyaye jiya zuwa ciki da ƙirji zai dawo cikin jijiya in ciwon ya juya. In ba a rage na waje ba, tsohuwa mai hawan jini sai huhunta ya cika. Ta ce ta fi ganin waɗanda yawan ruwa ya wahalar fiye da waɗanda ƙarancinsa ya wahalar. Ta miƙa wa Zubaidatu abin sauraron ƙirjinta ta ce ta saurari bayan Hajiya ta dama, can ƙasa. Zubaidatu ta saurara, ta ji numfashin ya dushe a wurin. Ruwa ya riga ya ɗan taru.

Ta mayar da abin sauraron ta yi godiya. Ta zauna a kujerar gefen gado ta fito da littafinta ta rubuta duk abin da Hasna ta faɗa, har shafi biyu. Hajiya tana kallonta ta ce ashe ita ma ɗaliba ce. Zubaidatu ta ce ai shi ya kawo ta.

Ranar Juma'a aka cire ƙarin ruwan gaba ɗaya. Ƙafafun Hajiya suka feso da jajayen ƙuraje masu ƙaiƙayi, ta tsorata, Hasna ta ce alamar warkewa ce. Yunwa ta dawo mata da ƙarfi. Ta ƙi kunun shinkafar asibiti ta ce ruwan wanke tukunya ne, sai da Raudatu ta tuƙa tuwo da miyar kuka Malam Halliru ya kawo a kula. Wata tsohuwa 'yar Sin da ke gadon kusa ta leƙo tana tambaya da hannu, Hajiya ta gutsura mata loma, ta ci ta yamutsa fuska, ta sake miƙo hannu. Ranar Asabar aka yi saukar jikar a Kano. Yamma ce a Kuala Lumpur lokacin da aka fara, Zubaidatu ta riƙe mata waya tana kallo ta bidiyo daga kan gado. Da yarinyar ta fara karatu Hajiya ta ja mayafi ta rufe fuska, nas-nas biyu suka tsaya suna saurare har ta kai aya.

Ranar Litinin aka sallame ta, likita ya ce ta ƙara kwana goma kafin ta hau jirgi, a sake duba ƙodarta. Da Zubaidatu ta je yi wa Hasna sallama, Hasna ta tambaye ta a kan me za ta rubuta kundin digirinta. Ta ce ba ta tsayar ba tukuna. Hasna ta ce baƙi da yawa suna zuwa musu a makare saboda sun ɗauka ciwon ƙasarsu ne, in tana so ta zo ta duba fayilolin, za ta haɗa ta da shugabar sashen. Zubaidatu ta karɓi lambarta.

A daren da aka dawo da Hajiya gida, matan benen suka taru a ɗakin Raudatu yin barka. Kusan kowacce tana da maganin maleriya a durowa, wanda aka aiko mata daga gida. Zubaidatu ba ta ce su zubar ba. Ta ce duk wanda zazzaɓi ya kama a garin nan a kai shi a ɗibi jini kafin a buɗe durowar, kada a ba shi komai na ciwon jiki sai farasitamol, kuma ranar da jiki ya huce a duba hannu, a tambayi fitsari. Hajiya tana kishingiɗe a kan doguwar kujera tana sosa ƙafa, ta ce su dai ji, ita an riga an gwada a kanta.

Bayan mako biyu ta isa Kano lafiya. Kwana uku da saukarta ta turo wa Zubaidatu saƙon murya na minti shida. Ta yi addu'a ta yi godiya, ta ce a gaida nas mai tabarau, a gaida tsohuwar nan mai cin tuwo in an gan ta. Ta ce likitanta ya karanta takardun sallamar ya canza mata maganin gaɓoɓi. Sauran saƙon duk labarin sauron Malesiya ne, wanda ta ce ta gaya wa mutanen unguwa baƙi ne mai zanen fari a ƙafa, da rana tsaka yake cizo, ko kuka ba ya yi, kuma har yanzu akwai waɗanda ba su yarda ba.